Ga Masu Sha Su Datse Ruwa

Ya 'yan'uwa ɗalibai, manoman shinkafa na Kura da Bunkure sun san mugun maƙwabci: wanda gonarsa ke bakin kanal, ya ƙoshi da ruwan Tiga, ya datse wa na ƙasa. To, irinsa sun cika makarantar nan. A tsarin BitTorrent, wanda ya fito a 2001, ba daga madatsa guda ake ɗiba ba. Gutsuttsura fayil ake yi, duk wanda ya sami gutsure ya miƙa wa wani tun nasa bai cika ba. Amma ku, da littafi ya gama sauka sai ku kashe kwamfuta, wai tsimin data! Shin waɗanda suka ba ku, a ƙasa suka tsinci tasu? Ga namu nan ya tsaya rabi, jarrabawa kuwa saura mako guda.