Ƙwan Lantarki da Bashin Bakolori

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, zagin masu ba da wuta aiki ne da muka ƙware a kansa tun zamanin NEPA. Yau kuwa kanmu za mu gurfanar. Wanda duk ya ratsa Talata Mafara ko Bakura ko Maradun ranar da aka kawo wuta, ba zai rasa ganin tsohon ƙwan lantarki mai zare a ciki yana ci a ƙofar wani gida da rana tsaka ba. In ya tambaya gidan wane ne, sau da yawa sai a ce masa na wani ɗan boko ne, irinmu da ke cika baki da zancen ceton talakawa. Wannan abin kunya ne, kuma ga hujjarmu.

Tsohon ƙwai murhu ne da ake rataye wa a daka. Wuta tana bi ta cikin zarensa har ya yi ja ya haskaka, amma fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da ya sha zafi yake zama. Shi ya sa masu kiwon kaji ke rataya shi don ɗumama 'yan tsaki. Mu kuma, a ƙasar da zafin bazara ke hana barci, mu kunna shi, sa'an nan mu kunna fanka ta kore zafin da muka saya da kuɗinmu! Hasken da mai wat 60 ke bayarwa, ƙwan LED mai wat 9 yana ba da kamarsa. Na farko kan mutu bayan awa 1,000, na biyu in mai kyau ne yakan haura awa 15,000. Gida mai ƙwai biyar da ke ci awa shida kowane dare zai sha yunit 54 a wata da tsohon ƙwai, da sabon kuwa kimanin 8.

Mu 'ya'yan wannan yanki mun fi kowa sanin abin da ake biya kafin a tare kogi. An gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato daga 1974 zuwa 1978. Ruwa ya cinye gonaki da ƙauyuka, dubban manoma suka tashi. Da suka tare hanyoyi suna neman diyya, a watan Afrilu na 1980 aka aiko musu da 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka zubar da jinin bayin Allah. A jikin madatsar nan an kafa 'yar tashar lantarki mai megawat 3. To, mu yi lissafi: megawat 3 ƙwai 50,000 kaɗai zai ɗauka in masu wat 60 ne, amma in masu wat 9 ne zai ɗauki fiye da 330,000. Ashe wanda ya canja ƙwai ya ninka amfanin tasha sau shida ba tare da an tashi ƙauye ko ɗaya ba. Wutar da muke ɓarnatarwa, ko daga Kainji ta fito ko daga Shiroro, akwai wanda ya rasa gonarsa kafin a same ta.

Ba mu ne za mu fara ba. A 2007, lokacin da ruwan Akosombo ya ja baya, gwamnatin Ghana ta raba wa jama'a ƙwai masu tsimin wuta miliyan shida kyauta, nauyin da ke kan tashoshinta ya ragu da kimanin megawat 124. Ƙasashen Tarayyar Turai sun janye tsohon ƙwai daga kasuwanninsu tsakanin 2009 da 2012. Shin mun fi su wadatar wuta ne?

Mun san uzurin da za a kawo. Za a ce sabon ƙwai ya fi tsada. Haka ne, amma araha ba ta ado: kafin mai kyau ɗaya ya mutu an binne tsofaffi goma sha biyar. Za a ce kasuwa cike take da jabu masu mutuwa cikin mako biyu. Wannan ma gaskiya ne, kuma maganinsa mu sayi mai shaidar inganci, mu matsa wa hukumar kula da ingancin kaya ta yi aikinta. Za a ce: “Ba ni da mita, kuɗin ƙiyasi ake kawo mini, in na yi tsimi wa na yi wa?” Ka yi wa maƙwabcinka, malam, domin taransifomar unguwa ɗaya ce, in nauyi ya ƙone ta kowa zai kwana cikin duhu, kuma har da kai za a yi karo-karon gyara. Mu nemi mita da babbar murya, haƙƙinmu ce. Amma zaluncin da aka yi mana bai halatta mana almubazzaranci ba. Wanda kuwa ya ce wutar ma ba ta zuwa, shi ya fi kowa bukatar sabon ƙwai, don ƙaramin faifan sola da batir sun isa su riƙe shi har ɗalibi ya gama bitar darasinsa.

Gargaɗi ɗaya: ƙwan nan mai murɗaɗɗen gilashi yana tsimi, amma akwai zaiba a cikinsa. Jihar da ta ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Anka da Bukkuyum a 2010 ba ta bukatar wa'azi a kan guba. Kada a bar yara su yi wasa da fasasshensa, kuma in za a sayi sabo a zaɓi LED.

Saboda haka muna kira ga kowane ɗalibin da zai tafi hutu, da kowane ma'aikacin da ya karɓi albashinsa na farko: ya fara da ɗakin mahaifiyarsa, ya bi da zaure, ya ƙarasa da masallacin unguwa. Ya kashe na ƙofar gida da zarar gari ya waye. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya kasa hawa kujera ya kwance ƙwai ɗaya, kada ya hau mumbarin ƙungiya yana koya mana yadda za a gyara Nijeriya.