Kafin a Shafa Fatiha

Na yi muku alkawarin a wannan mako za mu duba tsadar hatsi a kasuwar Agadas, amma wata magana ta sha gabanta, kuma mai maganar ya ba ni izinin in kawo ta wannan fili muddin ban ambaci sunansa ba.

Makonni uku da suka wuce, ran Juma'a, bayan an sauko daga babban masallaci, wani dattijo da muka yi aikin gwamnati tare ya kama hannuna ya ja ni inuwar wata katanga. Yana da ɗiya mai shekara 26, malamar lakwal. Shekaru biyar baya, tana karatu a Yamai, ta taɓu. Ta yi kwana da kwanaki ba barci, bakinta bai tsayawa, ta rabar da tufafinta a titi tana cewa aiko ta aka yi. Aka kwantar da ita a Pabiyon E na babban asibitin ƙasa wata guda da ƴan kwanaki, ta samu lafiya, ta ƙare karatunta, ta komo gida ta kama aiki. Sau ɗaya ciwon ya sake motsawa, lokacin da ta ga ta warke ta ajiye magani. Yau shekara uku ke nan ko gezau. To ga wani ɗan kasuwa mai kai kaya Arlit ya fito neman aurenta, an kai gaisuwa, an sa rana bayan Biyanu. Uwar yarinya ta ce a ja baki a yi shiru: tsakanin Agadas da Yamai kilomita fiye da 900 ne, kuma ba wanda ya gani. Dattijon ya dube ni ya ce, "Malam, in faɗa ko in yi shiru?"

Na ce masa ya faɗa. Amma ban faɗi haka da sauƙin baki ba, kuma ba zan yarda a ɗauki uwar nan a matsayin maƙaryaciya ba. Ta san garinta. Ta san a tsohon gari, daga Katanga zuwa Amarewat, magana ba ta kwana a gida guda. Ta san kalmar "ta taɓa taɓuwa" ba ta tsayawa a kan mai ita, sai ta bi ƙannenta mata biyu da ke tasowa, har a wayi gari masu binciken asali su ce gidan ne ke da abin. Tsoronta gaskiya ne. Lissafinta ne bai fita ba.

Mu fara da abin da malamanmu suka hukunta, tun da a ƙasar nan, tun daga dokar 1962, shari'ar aure da saki bisa al'adar masu ƙara ake yanke ta, al'adarmu kuwa a wannan babi fiƙihun Malikiyya ce, ko a gaban alƙalin fadar Sarkin Abzin ko a kotu. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan da ya rasu a 996, ya san hauka na cikin aibobin da ake warware aure saboda su, tare da kuturta da albaras. Muhtasar na Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, ya faɗaɗa maganar, ya ba miji da mata duka zaɓi, ko da ciwon sau ɗaya yake zuwa a wata. Jama'a sun riƙe wannan rabin. Rabin da suka manta shi ne wanda ya fi amfani. Littattafan ba su hana auren mai taɓin hankali ba. Zaɓi suka ba wanda aka ɓoye wa. Idan ya sani kafin a ɗaura, ya kuma yarda, zaɓin ya faɗi, ba shi da bakin zuwa gaban alƙali gobe ya ce an cuce shi. Wato uban da ya faɗi gaskiya ƙulla auren ɗiyarsa ya yi da igiya mai ƙarfi, wanda ya ɓoye kuwa ya miƙa wa suruki wuƙar yanke ta duk ranar da ya ga dama.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda ƴan kasuwa za su fi kowa ganewa. A cikin Muwaɗɗa, Imam Malik ya kawo hukuncin Sayyadina Umar cewa idan an tare sannan aibin ya bayyana, matar ta ci sadakinta, miji kuma ya bi waliyyi ya biya shi, in dai waliyyin uba ne ko ɗan uwa da ba zai rasa sani ba. Ɗiya ba haja ba ce, Allah ya kiyaye, amma duk wanda ya taɓa sayen raƙumi a kasuwar dabbobi ya san bambancin aibin da aka nuna masa da wanda ya gano a hanyar Bilma.

Abu na uku a cikin littattafan nan shi ne wanda ya fi burge ni. Idan ana sa ran warkewa, alƙali ba ya raba auren nan take, shekara guda yake bayarwa a yi magani. Malaman da suka rubuta haka ba su ga ƙwayar magani ko guda ba, domin sai a 1949 wani likita a Ostareliya ya gano amfanin gishirin litiyom ga masu irin ciwon ɗiyar abokina, sai kuma a 1952 aka fara ba masu taɓin hankali Largactil a birnin Paris. Duk da haka sun ɗauki hauka ciwo ne da ake jinya a tashi. Mu da muke da farmasi a bakin titi mu ne muke cewa wanda ya taɓu ya taɓu har abada.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce lissafin uwar bai fita ba. Mu a bakinmu duk hauka ne, amma a wajen likita ba abu guda ba ne. Farfaɗiya ba ta ma cikin lissafin, ciwon ƙwaƙwalwa ne dabam, kuma ba a ɗaukarta ta yawu kamar yadda ake faɗa. Yaron da tramol ya birkita dabam, mai jin muryoyi da zargin kowa, abin da likitoci ke kira sikizofireniya, shi ma dabam. Ciwon yarinyar nan shi ne mai hawa da sauka: wani lokaci mutum ya tashi sama ba barci ba hutu, wani lokaci ya faɗi ƙasa cikin baƙin ciki, a tsakani kuma lafiya lau, har shekaru. Abin da ke riƙe shi a tsakanin nan abu biyu ne, magani kullum da isasshen barci.

To a ce an yi shiru, amarya ta tare. Ina za ta ajiye maganin? A ƙasan akwati. Yaushe za ta sha? In miji ya fita. Ranar da ya ƙare, da wane dalili za ta nemi izinin zuwa asibiti, da wane kuɗi? Wata biyu, wata uku, sai ta gaji da ɓoyo, sai ta ce ai na warke. Ta taɓa yin haka sau ɗaya, an ga abin da ya biyo baya. Shirun da aka yi don a tsare auren shi ne zai raba ta da maganin, rabuwa da maganin kuwa shi ne zai tona asirin, kuma ba a zaure cikin mutunci ba, a tsakar gida gaban dangin miji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ranar wankan kuwa sananniya ce, ita ce ranar haihuwa. A cikin mata dubu da suka haihu, ɗaya ko biyu ne hankalinsu ke gushewa a kwanakin jego. Ga mai ciwon hawa da sauka abin ya ninka haka nesa ba kusa ba. Wasu likitocin ƙasar Holand sun tattara bincike a 2016, suka ga cewa cikin masu wannan ciwo da ba su sha magani lokacin ciki ba, wajen biyu cikin uku ciwon ya tashi bayan haihuwa, waɗanda suka ci gaba da sha kuwa ba su kai ɗaya cikin huɗu ba. Sannan ba kowane magani ke tafiya da ciki ba. Dépakine, wanda ake ba masu farfaɗiya da masu wannan ciwo, yana iya nakasa ɗan tayi, tilas likita ya san da maganar tun kafin a ɗauki cikin don ya canza shi. Mijin da bai san komai ba, ta yaya za a yi wannan shawara da shi? Al'adarmu ta mai da mace gidan iyayenta wankan haihuwar fari tana da amfani a nan fiye da yadda muka zata, domin akwai mai karɓar jariri da dare ta samu barci. Amma haihuwa ta biyu da ta uku a ɗakinta za ta yi su.

Dangin miji za su tambayi gado, kuma suna da haƙƙi. Amsar ita ce ana iya gado, amma ba kamar yadda ake tsoro ba. Idan ɗaya daga cikin iyaye na da irin wannan ciwo, wajen ɗa ɗaya cikin goma ne yake samunsa. Tara ba sa samu.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa kowane irin auren nan a ɗaura shi. Akwai wanda nake ƙi, kuma ya fi na abokina yawa a garin nan. Shi ne na "a yi masa aure zai natsu". Saurayi ya dawo daga wajen haƙar zinariya a Jado, ko daga Libiya, ba yadda ya tafi ba. Yana magana shi kaɗai, ya ƙi likita, ya ce shi lafiyarsa lau. An yi ruƙiyya, an yi rubutu, a wasu gidajen Abzinawa an kaɗa tende don a sallami iska, abin bai tafi ba. Sai iyaye masu hali su nemo ɗiyar talaka daga ƙauye, yarinya ƴar shekara 16 da ba ta san komai ba, su biya sadaki mai tsoka, su rufe ta da shi a ɗaki. Wannan ba aure aka yi mata ba, jinya aka ɗauke ta ba albashi, ba kuma a gaya mata ba. Aure bai taɓa maye gurbin allura ba. Hidimar biki, da rashin barci, da nauyin cefane, su ne ma ke ta da ciwon da ke kwance. Ban hana kowa addu'a ba, ni ma ina yi, amma a haɗa ta da maganin, kada a ce a zubar da shi.

Saboda haka idan an zo maka da irin wannan magana, kai uba ko kai mai nema, sunan ciwon ba shi ne abin tambaya na farko ba. Ka tambaya ko mutumin ya yarda yana da ciwo, domin wanda ya yarda shi ke shan magani ba a bi shi da shi ba. Ka tambayi shekara nawa ya yi lafiya, da abin da ya tayar da ciwon a karon baya. Ka tambaya, ba kunya, ko ya taɓa ɗaga hannu a kan wani. Yawancinsu ba su taɓa ba, sun fi zama waɗanda ake cuta, amma mace na da haƙƙin ta sani. In namiji ne, ka duba ko yana riƙe da sana'arsa. Ka kuma ƙidaya kuɗin magani na wata cikin kuɗin cefane tun yanzu, kamar yadda za ka yi wa mai ciwon sukari. In amsoshin sun yi kyau, ban ga abin da ya raba wannan aure da na kowa ba. In ba su yi ba, a jinkirta, a yi jinya tukuna. Maƙwabcin da aka zo bincike wajensa shi ma ya faɗi abin da ya gani da idonsa, har da shekarun lafiyar, ya bar abin da ya ji a majalisa.

Abu guda na ƙara wa abokina kafin mu rabu. Na ce sirrin nan ba nasa ba ne, ba kuma na uwarta ba, na yarinyar ne, kada ya kai shi ko'ina sai ya zauna da ita. Kuma ba shela za a yi ba: mai neman da waliyyinsa sun isa.

Shekaranjiya ya zo gidana bayan la'asar. Ya ce da ya kira ta ya fara kewaye-kewaye, sai ta ce, "Baba, tun ran da ya fara zuwa nake so in gaya masa, Inna ce ta sa na yi rantsuwa." Ita da kanta ta faɗa wa saurayin a zaure, uban na zaune, ta ajiye masa takardunta na asibiti da kwalin maganin a kan tabarma. Saurayin ya daɗe bai ce uffan ba. Daga baya ya tambaya ko zai iya ganin likitan da ke duba ta, su je tare da baffansa. Sun je. An ɗaga ranar da wata biyu, kuma har yanzu mahaifiyar yaron ba ta ji ba, baffan ya ce a bar masa wannan. Uwar yarinya ta yi kwana huɗu ba ta yi wa mijinta magana ba.

Na tambaye shi ko yana ganin za su dawo. Ya ce bai sani ba, amma ranar Laraba yaron ya aiko direbansa da buhun dabinon Ingal, ba tare da wani saƙo ba.