Ƙofar Da Aka Buɗe Rabi

Jama'a 'yan'uwa da ke neman abinci a Sabon Ibadan da Agege da Fatakwal, ga wata magana da ta shafe mu duka, ko da kuwa daga nesa ta yi kama da hirar masu kwamfuta.

Injinan nan masu amsa tambaya cikin waya, an ce wasunsu "buɗaɗɗu" ne, wato kowa na iya ɗauka kyauta ya gyara. Kamfanin Meta ya faɗi haka game da Llama. Amma a watan Oktoba na 2024 ƙungiyar Open Source Initiative ta fitar da ma'auninta, Llama kuwa bai cika shi ba. Meta ya saki injin da aka gama horarwa, ya riƙe bayanin rubuce-rubucen da aka ciyar da shi, ya kuma gindaya sharuɗɗa kan wanda zai yi amfani da shi. Kamar tela ne ya ba ka riga ɗinkakkiya: ka iya rage hannu, amma ba ka san inda aka saƙa yadin ba, balle ka ɗinka wata irinta. Cibiyar Ai2 ta Amurka kuwa, da ta fitar da OLMo a 2024, har rubuce-rubucen ta bayar.

A watan Satumba na 2025 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da N-ATLaS, mai jin Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin Nijeriya, a kan Llama aka gina shi. Madalla, mun yaba. Sai dai duk wanda ya taɓa zama a Wuro Hausa cikin Yola ya san Hausar can da Fulatanci take tafiya; a zance ɗaya tsohuwa za ta haɗa su biyun ba ta ko lura ba. Fulfulde ba ya cikin harsunan N-ATLaS. To, ɗanta da ke Legas in ya so injin ya juya masa saƙon muryarta zuwa rubutu, rabin maganar zai ɓace a hanya.

Ɗaliban Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola su ne suka fi kowa cancantar ƙara wannan harshe. Ba za su yi aikin yadda ya kamata ba sai an nuna musu wace Hausa aka zuba, daga ina aka ɗebo ta, da yadda aka tace ta. Wannan shi ne abin da muke roƙon Ma'aikatar Sadarwa: a buɗe wa jama'a rumbun baki ɗaya.