RA'AYINMU: Yaron da ba shi da babba a bayansa, wa zai riƙe hannunsa?

 Duk wanda ya zauna a majalisar dattawa a Agege ko Idi-Araba, ko Sabon Ibadan ko Shagamu, ko Ama Hausa ta Owerri, ya ji kukan nan guda ɗaya: yara sun lalace, ba sa jin magana, ga shaye-shaye ga zaman kashe wando, kullum shugabanni suna hanyar caji ofis karɓo beli. Kukan gaskiya ne, amma mun daɗe muna yin sa bai ɗauko ko yaro ɗaya daga bakin tasha ba. Don haka a wannan fitowa muke son jawo hankalin magidanta zuwa ga aikin sa kai na riƙon matasa, wato babban mutum mai hankali ya ɗauki yaro guda wanda ba ɗansa ba, ya zamar masa yaya kuma mashawarci na tsawon lokaci, ba tare da an biya shi ko sisi ba. Ra'ayinmu shi ne mu yi wannan aiki a unguwanninmu, amma da sharaɗi: wanda ya san ba zai kai shekara yana yi ba, kada ma ya soma.

Yaran da muke nufi kowa ya san su. Akwai maraya, akwai wanda auren iyayensa ya mutu aka bar shi hannun kaka, akwai wanda ya biyo motar shanu ko ta albasa ya sauka Mile 12 bai san kowa ba. Akwai kuma saurayin da ya zo yin acaɓa, sai gwamnatin Legas ta hana sana'ar a ƙananan hukumomi 6 a watan Yunin 2022, ta ƙara wasu 4 a watan Satumba, ya wayi gari ba babur ba kuɗin komawa gida. Bugu da ƙari, binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna cewa shiyyar Kudu maso Yamma ce kan gaba wajen shaye-shaye, da kashi 22.4 cikin ɗari na masu shekaru 15 zuwa 64, alhali Arewa maso Yamma tana da kashi 12. Wato da yawa daga cikin 'ya'yanmu suna tasowa ne a inda abin ya fi yawa, kuma nesa da dangi.

Wannan aiki da muke magana a kai an gwada shi a wasu wurare har an auna amfaninsa. A shekarar 1904 wani magatakardan kotun yara a birnin Niyok na Amurka, mai suna Ernest Coulter, ya lura cewa yaran da ake kawowa gaban alƙali mafi yawansu babu wani babba da yake kula da su. Sai ya tafi wajen wata ƙungiyar magidanta ya roƙe su kowa ya ɗauki yaro guda ya riƙa bibiyarsa. Kusan mutum 40 suka amsa. Mata su ma suka shiga yin irin haka ga 'yan mata, daga baya a 1977 ɓangarorin biyu suka haɗe suka zama ƙungiyar Big Brothers Big Sisters, wato manyan yayye maza da mata, wadda har yau tana nan tana aiki.

A 1995 aka fitar da sakamakon wani bincike a kan wannan ƙungiya. An bi yara 959 masu shekaru 10 zuwa 16, galibinsu daga gidajen da uwa ce kaɗai take riƙe da su. Aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, kashi ɗaya aka shiga haɗa su da yayye, ɗaya kashin aka bar su cikin jerin masu jira. Bayan wata 18 aka tarar cewa a cikin kashin farko yiwuwar fara shan ƙwaya ta ragu da kashi 46 cikin ɗari, ta fara shan giya da kashi 27, dukan mutane ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku, fashin makaranta kuma ya ragu da wajen rabi. Abin lura a nan, su waɗannan yayye ba malaman makaranta ba ne, ba kuma likitoci ba. Suna haɗuwa da yaran kamar sau uku a wata, su yi 'yan sa'o'i tare, su ci abinci, su je kallon ƙwallo, su yi hira. Zuwan da suke yi ba fashi shi ne maganin.

To amma akwai ɗaya gefen, kuma shi ne ya sa muka gindaya sharaɗi tun farko. A 2002 masu bincike biyu, Jean Grossman da Jean Rhodes, suka koma kan bayanan waɗannan yara suka duba tsawon zaman kowane yaro da yayansa. Waɗanda suka kai shekara ko fiye su ne suka fi amfana. Waɗanda kuwa aka watsar da su cikin wata uku na farko, sai da suka koma baya wajen ganin darajar kansu da yarda cewa za su iya karatu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaron da ubansa ya tafi ya bar shi, idan wani babba ya zo ya nuna masa ƙauna sati shida sa'annan ya ɓace, abin da yaron zai fahimta shi ne lalle shi ɗin ne ba a so. Hausawa suka ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai ma wani darasi da ya fi wannan ɗaci. A 1939 aka soma wani shiri a garuruwan Kambirij da Somabil na Amurka, inda aka sa ma'aikata masu albashi suna ziyartar yara maza na unguwannin talakawa, ana ba su shawara, ana kai wasunsu sansanin hutu. Bayan wajen shekara 30 wata mai bincike, Joan McCord, ta bi sawun mutum 253 da aka taimaka da wasu 253 da ba a taimaka ba, ta fitar da sakamakonta a 1978. Waɗanda aka taimaka ba su fi sauran ba, a wasu fannoni kamar shaye-shaye da maimaita laifi ma sun fi su lalacewa, duk da cewa mafi yawansu sun ce shirin ya amfane su. Ɗaya daga cikin dalilan da masana suka kawo daga baya shi ne tara yara masu matsala wuri guda a sansanin, inda suka riƙa koya wa juna. Ke nan kyakkyawar niyya ita kaɗai ba ta isa, kuma yabon da aka yi wa shiri ba shi ne hujjar cewa ya yi amfani ba.

Mun san wasu dattawanmu za su ce, mene ne sabo a nan? Ai mu ɗa na kowa ne, kuma da maigida aka gina Sabo. Wannan magana haka take. An kafa Sabon Ibadan a 1916, kuma littafin da Abner Cohen ya wallafa a 1969 a kan unguwar ya bayyana yadda masu gidajen fataucin goro da shanu suke karɓar baƙon yaro, su saukar da shi, su koya masa ciniki, har su yi masa aure. Maƙwabtanmu Ibo su ma suna da nasu tsarin, inda yaro zai yi wa ubangidansa hidima shekaru, a ƙarshe a sallame shi da jari. Ba mu raina wannan gado ba. Amma mu gaya wa kanmu gaskiya. Maigida yakan ɗauki yaron da ya ga zai yi masa amfani a rumfa, mai ladabi mai ƙwazo. Wanda idonsa ya yi ja da tiramol, ko wanda ya taɓa kwana a caji ofis, wa yake ɗaukarsa? Sa'annan gidajen saukar baƙi irin na da sun ragu, yawancinmu ɗaki ɗaya ko biyu muke haya, samari kuma suna shigowa fiye da yadda masu gida za su iya ɗauka. Abin da za mu aro daga waje shi ne tsari, tushen kuwa namu ne tun kaka da kakanni.

Tsarin da muke ba da shawara ba ya buƙatar bikin ƙaddamarwa ko babban baƙo ko rumfa da kujeru. Kowace unguwa ta naɗa ƙaramin kwamiti, a sa liman ko wakilinsa, da malamin makaranta, da dattijuwa ɗaya aƙalla. Su fara da yara goma kacal. Duk mai son ya ba da kansa, a bincika halinsa a wajen maƙwabtansa da abokan sana'arsa, domin kura ma takan shigo da fatar akuya. Namiji ya riƙi namiji, mace ta riƙi mace, saboda 'yan matanmu masu talla a tashoshi da kasuwanni suna cikin haɗarin da bai gaza na samari ba. A nemi yardar uwa ko mariƙin yaro. A riƙa haɗuwa a fili, a rumfa ko harabar masallaci ko tsakar gida, ba a ɗaki a rufe ba. Mai riƙo ya yi alkawarin shekara ɗaya, sau ɗaya a mako ko sau uku a wata, kuma kowane wata wani daga kwamiti ya ji ta bakin yaron shi kaɗai. Idan tafiya ta kama mai riƙo, kamar komawa gida noma da damina, ya sanar tun da wuri, a yi sallama ta mutunci, a danƙa yaron ga wani.

Haka nan a ja kunnen masu riƙo cewa yaro ba ɗan aike aka ba su ba. Wanda zai mayar da shi mai wankin mota ko mai ɗaukar kaya kyauta, ya ci amana. Kuma wa'azi da faɗa kullum ba za su zaunar da shi ba, domin ya sha jin su. A fara da sauraronsa.

Aikin yana da alaƙa da haƙƙi kai tsaye. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9, kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro, ba ta ce sai ɗan asalin jiha ba. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003, wadda jihar Legas ta yi irin tata a 2007, ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, ta kuma tanadi hanyar shari'a ta daban gare shi. Tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Duk waɗannan suna rubuce, amma yaro ɗan shekara 14 ba zai iya karɓar su da kansa ba. Sai da babban da zai raka shi wajen hedimasta, ya nemo masa takardar haihuwa daga hukumar ƙidaya, ya kuma lura tun daren farko cewa yau ba a gan shi ba.

Saboda haka muna kira ga 'yan kasuwarmu da direbobi da teloli da makanikai da malamai da iyayenmu mata, kowa ya duba layinsu ya ga wane yaro ne ba shi da kowa. Wanda yake da sa'a biyu a mako, kuma ya amince zai riƙe alkawari har shekara ta zagayo, ya kai sunansa ga shugabannin unguwarsu. Wanda ba zai iya ba, babu laifi, ya taimaka da kuɗin littafi ko na koyon sana'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.