Wisamin Da Aka Manta A Rubuta Wa Tsohon Soja

Akwai wani dattijo a unguwarmu nan Abu Hujar, duk yaran unguwa Baba Askari suke ce masa. Yana cikin sojojin da aka tura Kurmuk, can bakin iyakar Habasha, a ƙarshen shekarar 1987, lokacin da dakarun SPLA suka kama garin a watan Nuwamba, gwamnati kuma ta ƙwato shi a Disamba. A can ya samu raunin da har yau yake ɗingishi da shi. Ya ce bayan an lafa, babbansu ya tara su ya karanta sunayen waɗanda aka miƙa domin a ba su wisami, wato lambar yabo ta jarumta, kuma da kunnensa ya ji nasa sunan, saboda ya ɗauko abokansa biyu da aka harba. Da ya bar aiki aka ba shi takardar sallama, sai ya ga babu wisami a ciki, babu ma zancen raunin.

Sau uku yana zuwa ofishin da aka ce ya je. Karo na farko aka ce ya dawo bayan Idi. Na biyu aka ce fayil ɗin ba ya nan. Na uku aka ce akwai suna a jerin, amma ba irin wanda ke kan takardarsa ba ne. Rannan na ce masa, "Baba, shekara kusan arba'in, ba ka haƙura ba?" Sai ya ce, "Ɗana, ni ba kuɗi nake nema ba. In na mutu aka ce wa jikana baƙo ne, me zai nuna?"

Wannan amsar ce ta sa ni rubutun nan. Ra'ayina shi ne Baba yana da gaskiya, kuma mu da muke masa dariya mu ne ba mu gane ba.

Duk Bahaushen Sudan ya san abin da takarda ta yi mana. Kakanninmu da yawa sun iso bakin kogin nan ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a gabas har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Wasu alhazai ne da hanyar Makka ta zaunar da su. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, su ne suka cika gonakin audugar Jazira da hannayensu. Amma dokar jinsiyya ta 1957 ta ce ɗan ƙasa na asali shi ne wanda zuriyarsa ke zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897. Ka ga ke nan wanda ya zo bayan Burmi ya makara da 'yan shekaru. A dokar 1994 an dawo da ma'aunin zuwa 1 ga Janairu 1956. Duk da haka, a watan Yulin 2022, da rikici ya ɓarke a Rusairis da Damazin aka kashe mutum fiye da ɗari, kalmar da aka riƙa jifan mu da ita ita ce waccan tsohuwar: ku baƙi ne, ba ku da ƙasa a nan. A irin wannan hali, layi guda a takardar soja da ke cewa wane ɗan wane ya zubar da jininsa a wuri kaza, rana kaza, ya wuce ado. Hujja ce da za a iya ajiyewa a gaban alƙali ko jami'in rajista.

Matsalar suna da aka kawo wa Baba ma ba baƙuwa ba ce. A gida ana kiran mutum Garba, a takarda Abubakar ne, wani magatakardan ya rubuta Abbakar. Audu ya zama Abdullahi, Mamman ya zama Muhammad. Wani a sa masa sunan kakansa a gurbin na ubansa. Mutum ɗaya sai ya tashi da suna uku a fayil uku. Wanda bai san al'adarmu ba zai ɗauka mutum uku ne. Lambar aikin soja kuwa guda ce, ba ta canzawa, kuma da ita ya kamata a bi sawu.

Na san abin da wasu za su ce: ana fama da yunwa da gudun hijira, wa ke ta ƙarfen rataya a ƙirji? Gaskiya ne, tun 15 ga Afrilun 2023 ƙasar nan ba ta huta ba. Singa ta faɗa hannun Da'amus Sari a ƙarshen Yunin 2024, sai a Nuwamba sojoji suka dawo da ita, kuma mutanen yankin nan da dama sun gudu Gadarif da Damazin da kayan jikinsu kawai. Amma ai wannan shi ne dalilin gaggawar. An ƙone ofisoshi, an wawashe gidaje, akwatunan da tsofaffi ke ɓoye takardunsu sun tafi. Babbar hedikwatar soja a Khartum kanta ta yi wata ashirin da ɗoriya a kewaye kafin a buɗe hanyarta a Janairun 2025. Abin da ba a tattara yanzu ba, alhali masu shaida suna da rai, gobe ba za a same shi ba.

Wasu kuma za su ce yaƙin Kurmuk yaƙin 'yan ƙasa ne da 'yan ƙasa, ba abin alfahari ba ne. Ni ma ban ce a yi masa kirari ba. Amma wanda ya ɗauko ɗan'uwansa daga cikin wuta bai zaɓi yaƙin ba, manya ne suka zaɓa a Khartum. Rubuta abin da ya faru daban, yabon yaƙi daban. Kuma hukumar da ta karɓi ƙuruciyar mutum da lafiyar ƙafarsa, ai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kar a ce lokaci ya wuce. A Amurka, babu baƙar fata ko ɗaya da aka ba babbar lambar jarumta ta ƙasar a Yaƙin Duniya na Biyu. Sojojin ƙasar da kansu suka sa aka sake binciken fayiloli, a Janairun 1997 Shugaba Bill Clinton ya ba mutum bakwai lambar. Guda ɗaya ne kawai yake raye a lokacin, Vernon Baker, sauran duk sun riga sun rasu. A Afrilun 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, galibinsu 'yan Afirka da 'yan Asiya da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba a rubuta sunayensu ba kamar yadda aka yi wa Turawa, har ministan tsaron Birtaniya Ben Wallace ya nemi afuwa a majalisa. A Nuwamban 2023, a maƙabartar Kariokor da ke Nairobi, Sarki Charles ya miƙa wa wasu tsofaffin sojojin Kenya sabbin lambobi a madadin waɗanda suka rasa tun zamanin Mau Mau. 'Yan'uwanmu na Kano da Katsina da Zariya da suka je Burma cikin runduna ta 81 da ta 82, yawancinsu sun rasu ba wanda ya ɗauki labarinsu. Darasin a fili yake: ana gyara tarihi, amma sai an matsa, kuma sau da yawa gyaran yana zuwa ne bayan an yi jana'iza.

To me za mu yi? Na farko aikinmu ne, ba na hukuma ba. Duk gidan da ke da tsohon soja ko ɗan sanda, yau ɗin nan a ɗauki hoton takardunsa da waya, gaba da baya, a tura wa ɗan'uwa biyu ko uku a garuruwa daban. A zaunar da shi a naɗi muryarsa: lambar aikinsa, rundunarsa, shekarar shiga da ta fita, inda aka kai shi, sunan babbansu, da sunayen waɗanda suka ga abin da ya yi. A rubuta duk sunayen da aka taɓa kiransa da su, da Larabci da Hausa. Shehunan unguwa da umdodi su buɗe littafi guda don wannan, matasanmu masu karatu su taimaka. Wannan ma shi zai tace masu ƙarya, domin akwai su. Wanda ya ce ya yi jarumta ya kawo abokan aiki biyu da za su rantse.

Na biyu ga hukuma. Idan aka zauna sake gina rumbun takardu bayan yaƙi, a buɗe ƙofa ta musamman ga wanda yake ganin an tsallake wani abu a fayil ɗinsa, a Singa da Damazin, ba sai ya sayar da akuya ya tafi babban birni ba. A bi lambar aiki maimakon harafin suna, a karɓi shaidar abokan fama inda takarda ta ƙone, a ba mutum amsa a rubuce ko da a'a ce.

Yau ma ga samarinmu can a fagen daga, wasu da kaki, wasu cikin masu sa-kai, da yawansu ba su da ko lambar aiki. In ba mu koyi rubutawa a kan Baba ba, nan da shekara arba'in su ne za su riƙa ɗingishi daga ofis zuwa ofis.

Cikin biyun da Baba ya ɗauko a Kurmuk, ɗaya ya rasu. Ɗayan an ce yana Gadarif. Jikan Baba ya samo lambar wayar ɗansa, mun shirya ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za mu kira shi mu naɗi abin da zai faɗa. Allah Ya sa mu same shi da rai da lafiya.