Dokarmu Ta San Amarya Baƙuwa, Ba Ta San Ango Baƙo Ba

Ranar 1 ga Maris, 2022, Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta zauna a Abuja domin kaɗa ƙuri'a kan gyare-gyaren Kundin Tsarin Mulki, kuma cikin ƙudurorin da suka faɗi a ranar akwai wanda ya nemi a bai wa mijin 'yar Najeriya, idan ɗan wata ƙasa ne, damar zama ɗan ƙasa ta hanyar rajista. Mata sun yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisar, har Majalisar Wakilai ta janye matsayinta kan uku daga cikin ƙudurorin a ranar 8 ga watan, ciki har da wannan, da alkawarin sake duba su. Wa'adin waccan majalisa ya ƙare a 2023 ba tare da an taɓa sashen ba. A Arewa mutane da yawa sun ɗauki abin a matsayin rigimar matan boko masu auren Turawa. Ra'ayina shi ne wannan fahimta kuskure ce, domin babu yankin da wannan sashe ya fi cutarwa kamar namu, kuma babu wanda ya fi cancanta ya jagoranci gyaransa kamar wakilanmu.

Ga abin da dokar ta ƙunsa. Sashe na 26 na kundin 1999 ya ba duk macen da ke auren ɗan Najeriya, ko ta taɓa aurensa, damar neman zama 'yar ƙasa ta rajista, muddin Shugaban Ƙasa ya gamsu tana da halin kirki, tana da niyyar zama a ƙasar, kuma ta yi rantsuwar biyayya. Sashen bai gindaya mata adadin shekaru ba. Namijin da ya auri 'yar Najeriya kuwa ba a ambace shi ba sam. Hanyarsa ita ce ta sashe na 27, wadda kowane baƙo ke bi ko da bai san kowa a ƙasar ba: zaman shekara 15, da shaidar gwamnan jihar da yake zaune cewa jama'ar wurin sun karɓe shi ya kuma saje da su, da tabbacin cewa zai amfani ƙasa. Kafin nan, abin da zai iya samu shi ne izinin zama na musamman daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida da katin zama daga Hukumar Shige da Fice, wadda hedikwatarta ke Sauka a kan hanyar filin jirgin saman Abuja. Wannan izini yana da amfani, bai kamata a raina shi ba. Amma izini ne na ofis, wanda ofis ke bayarwa kuma ofis ke iya sauya sharuɗɗansa. Mai shi ba ya zaɓe, ba ya riƙe koren fasfo, kuma batun mallakar fili ma yana da wuya a gare shi, tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2017, a wata shari'a kan wani fili a Kajuru ta jihar Kaduna, cewa Dokar Amfani da Ƙasa 'yan Najeriya ta tanadar wa wannan haƙƙi. Mutum zai iya gina gida da guminsa, ya haifi 'ya'ya biyar a cikinsa, ya aurar da su, ƙasar da gidan ke kai kuwa ba za ta zauna da sunansa cikin kwanciyar hankali ba.

Sai a tambaya, su wane ne waɗannan mazaje? Wanda ya san Jibiya da Ɗan Isa, ko Illela da Birnin Konni, ko Kongolam da hanyar Damagaram, ya san amsar. Iyakarmu da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, kuma Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a tsakiyar dangi guda. Sarautar Maraɗi kanta zuriyar sarakunan Katsina ne suka kafa ta bayan jihadi. Auratayya tsakanin ɓangarorin biyu ta girmi fasfo da biza da shingen kwastan. Haka abin yake tsakanin Borno da Chadi, da tsakanin Adamawa da arewacin Kamaru, ga kuma 'yan kasuwa da malamai daga zangunan Kumasi da Accra da suka dawo suka yi aure a Kano. A Abuja ma, duk wanda ke shiga Mararaba da Nyanya da Dei-Dei zai tarar da magidanta 'yan Nijar da suka shekara da shekaru suna sana'a, matansu 'yan Katsina ko Sakkwato ko Zamfara. Mafi yawansu ba su taɓa damuwa da takarda ba, saboda yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba su damar shigowa ba biza har kwana 90, daga baya aka ƙara da 'yancin zama. Wannan inuwa ce ta fara gushewa. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu, 2025. ECOWAS ta ce za a ci gaba da karɓar takardun 'yan ƙasashen uku da barin su zirga-zirga har sai an sanar da wani abu dabam. Kalmar nan ta "har sai" ita ce abin tsoro, domin zaman lafiyar dubban gidaje ya rataya a kan wata sanarwa da za ta iya fitowa a kowane lokaci. Mun kuma ga abin da rufe iyaka ke yi wa iyalai, daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, lokacin da zuwa jana'izar suruki ko sunan jika ya koma sai ta ɓarauniyar hanya.

Hujja ta farko da ake kawowa, kuma wadda ta fi shiga zukatan mutanenmu, ita ce ta al'ada da addini: mace ce ke tarewa a gidan miji, ɗa kuma na uba ne, saboda haka wadda ta auri baƙo ta bi shi ƙasarsu. Ina girmama tushen wannan magana, amma an haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Nasaba hukunci ne na shari'a, ita ke tsara gado da waliccin aure da sunan da yaro zai amsa, kuma babu mai neman a taɓa ta. Zama ɗan ƙasa kuwa tsari ne na gwamnatin zamani wanda ke fayyace wa zai zauna ina, wa zai yi zaɓe, wa zai riƙe wane fasfo. Kundin namu ya riga ya raba su da kansa, domin sashe na 25 ya ce yaro ɗan ƙasa ne ta haihuwa idan ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Najeriya ne, uwa ko uba. 'Yan Borno ba za su manta da Shugaba Abdurrahman Darman ba, shugaban masu rinjaye a majalisar jihar, wanda gwamnatin tarayya ta kora zuwa Chadi a Janairun 1980 bisa zargin mahaifinsa ɗan can ne, kotu a Maiduguri kuma ta tabbatar masa da 'yancinsa na ɗan ƙasa, ga mahaifiyarsa 'yar Borno. To idan jinin uwa ya isa ya sa ɗa ya zama ɗan Najeriya, wace hikima ce ta sa uban wannan ɗa zai ci gaba da zama baƙo a gidan da yake ciyarwa? Shari'a ta ɗora wa miji ciyarwa da tufatarwa da samar da muhalli. Dokar da ke wahalar masa da mallakar muhallin da sana'ar tana hana shi sauke nauyin da addinin ya ɗora masa, kuma matar da 'ya'yan su ne ke kwana da yunwar.

Batun al'ada ma, idan aka bi shi zuwa tushe, ba ya goyon bayan masu hujjar. Tarihin baka da kowane yaro ya ji game da asalin Hausa Bakwai labari ne na baƙo da ya zo daga gabas, ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu, ya auri sarauniyar Daura, ya zauna a garin matarsa. Ko mutum ya ɗauki labarin Bayajidda a matsayin tarihi ko a matsayin almara, al'ummar da ta zaɓi ta ba da labarin asalinta ta wannan siga ta faɗi wani abu game da yadda take kallon suruki baƙo. Sunayen unguwannin Kano irin su Sharifai da Alfindiki da Agadasawa da Zangon Barebari shaida ce ta mutanen da suka zo daga nesa, aka ba su masauki, aka ba su aure, jikokinsu suka zama Kanawa ba tare da wani ya tambaye su takarda ba. Ita kuwa ƙa'idar da ke cikin sashe na 26, gadonta muka yi daga dokar Birtaniya ta zamanin mulkin mallaka, wadda ta ɗauki mace a matsayin mai bin ƙasar mijinta. Birtaniyar ta sauya wannan a dokarta ta 1981. Mu ne muka rage muna gadin abin da masu shi suka yar, har muna kiran sa al'adarmu.

Hujja ta biyu ita ce tsaro, kuma ita ce ta fi nauyi. Ƙasar da ke fama da Boko Haram da 'yan bindiga, wadda makamai ke kwararo mata daga Sahel, tana da dalilin yin taka-tsantsan da duk wata ƙofa da za a buɗe. Ana tsoron auren bogi, wato mutum ya biya kuɗi a ɗaura masa aure don fasfo kawai. Wannan tsoro gaskiya ne, ana yin hakan a duniya. Sai dai ƙofar a buɗe take tun tuni ta ɓangaren mata, ba mu kuma ce a rufe ta ba, tantancewa muka ce a yi. Rajista ba ta taɓa zama kyauta da ake miƙawa ranar ɗaurin aure tare da goro da alawa ba. Nema ake yi, a bincika, shugaban ƙasa ya amince ko ya ƙi, kuma sashe na 30 ya ba da ikon ƙwace ta daga wanda aka samu da rashin biyayya ga ƙasa. Ɗan ta'adda ba ya zuwa Sauka ya ba da hoton yatsunsa da adireshinsa da sunan surukansa. Wanda ke zuwa shi ne mai shago da direba da malamin makaranta da likita, mutumin da ke son hukuma ta san da shi. Ƙasa ta fi samun tsaro idan irin waɗannan suna cikin rajistarta. Masu fargabar kada baƙo ya zo ya mulke mu kuma su duba sashe na 131 da na 177, inda aka keɓe kujerar shugaban ƙasa da ta gwamna ga ɗan ƙasa ta haihuwa kaɗai.

Maƙwabtanmu sun nuna cewa ana iya haɗa adalci da taka-tsantsan. Kundin Ghana na 1992 ya ba miji da mata duka damar rajista, ya ba hukuma ikon neman hujjar cewa auren na gaskiya ne, ya kuma sharɗanta wa namiji zama na dindindin a ƙasar. Kenya, a kundinta na 2010, ta sa shekara 7 na aure ga kowane jinsi. Senegal ta gyara tata dokar a 2013. Nijar kanta, wadda ba wanda zai ce ta fi mu nisa da addini ko al'ada, ta gyara dokar zama ɗan ƙasa a 2014 ta ba matanta damar da mazanta ke da ita. Yau Bakatsinen da ya auri 'yar Maraɗi yana da hanya a can, Bamaraɗen da ya auri 'yar Katsina ba shi da irinta a nan. Idan majalisa na ganin rashin sa wa'adi sakaci ne, ta sa shekara 5 ko 7 ga kowa, mace da namiji, ta ƙara da sharaɗin zama a ƙasa. Abin da ba shi da madafa shi ne kundin da sashensa na 42 ya haramta bambanci saboda jinsi ya zo yana yin bambancin da kansa a sashe na 26.

Akwai kuma batun bakinmu a waje. Muna kuka, kuma da gaskiyarmu, kan yadda Birtaniya ta ɗaga kuɗin shigar da ake buƙata kafin mutum ya kai matarsa ko mijinta daga fam 18,600 zuwa fam 29,000 a Afrilun 2024, da yadda Amurka ta dakatar da bizar ƙaura ga 'yan Najeriya a 2020 ta raba ma'aurata har sai da aka ɗage matakin a 2021. Jami'in da zai je ya yi wannan ƙorafi a madadinmu zai fi ƙarfin murya idan gidansa a share yake.

Gyaran kundin kaɗai ba zai isa talaka ba idan ba a duba batun shaidar aure ba. Mafi yawan aurenmu a masallaci ko a zaure ake ɗaura shi, da waliyyi da shaidu da sadaki, a watse ba a rubuta komai ba. Aure ne ingantacce a shari'a, dokar ƙasa ma ta amince da shi, amma ma'aikacin da ke bayan tebur takarda yake nema. Ya kamata Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta bayyana ƙarara, da Hausa da sauran harsuna, cewa takardar aure daga kotun shari'a tana da daraja ɗaya da ta rajistar tarayya, a kuma ba ofisoshin Hukumar Shige da Fice na jihohi ikon kammala aikin, kada mai ƙaramin ƙarfi daga Illela ya sayar da akuyarsa don kuɗin motar Abuja. Limamai da masu unguwanni su ma suna da rawar takawa: duk auren da ɗaya daga cikin ma'auratan ɗan wata ƙasa ne, a tura su kotu su karɓi takarda tun amarya ba ta tare ba.

Gyaran sashe na 26 yana buƙatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisa a Abuja, sannan amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Jihohin Arewa 19 ne, wato ba zai wuce ba sai da mu, kuma mu kaɗai mun isa mu kashe shi. Sanatoci da 'yan majalisar da mazaɓunsu ke kan iyaka, daga Kamba zuwa Maigatari zuwa Gamboru, su ne suka fi kowa sanin gidaje nawa abin ya shafa, domin sun halarci ɗaurin auren da yawa daga cikinsu. Su ya kamata su sake gabatar da ƙudurin da sunayensu a kai, su kuma yi wa jama'arsu bayaninsa a rediyo kafin ranar ƙuri'a.