Dizal ko fetur, giyar hannu ko otomatik: gardamarmu kan akori-kurar Amurka

Wannan makon wata gardama ce da ta taso a ɗakin kwananmu ta kawo mu gare ku. Kawun ɗaya daga cikinmu, mai fataucin hatsi tsakanin Dawanau da kasuwannin ƙauye, ya turo hoton wata jibgegiyar akori-kura da aka yi masa tayi: Ram 2500 ƙirar 2015, mai injin dizal, an shigo da ita ta Kwatano. Tambayarsa gajera ce: "Ku da kuke karatun injiniya, in saya ko in bari?" Kuɗin da aka yanka masa ribar shekaru ce, mu kuma 'yan aji biyu ne da ko giyabos ɗaya ba mu taɓa kwancewa ba. Amma tun da babba ya tambaya, sai muka ajiye karatun jarrabawa na dare biyu muka bi diddigi.

Da farko a san inda aka haifi motar. A Amurka akwai akori-kura ta yau da kullum irin su Ford F-150, sannan akwai manyan yayyenta: Ford F-250 zuwa F-450, da Ram 2500 da 3500, da Chevrolet Silverado HD da tagwayenta GMC Sierra HD. Waɗannan an yi su ne musamman domin jan tirela mai ɗauke da dawakai, ko shanu, ko injin haƙa, ko gidan tafi-da-gidanka, a kan titi mai santsi na ɗaruruwan kilomita. Ford ta ce F-450 ɗinta na iya jan fam 40,000, wato sama da tan 18. A riƙe wannan kalma ta "ja", za mu dawo kanta.

Wanda ya je saye a can, tambayar farko da yake fuskanta ita ce fetur ko dizal. A ɓangaren dizal, kowane kamfani da abin alfaharinsa. Ram na amfani da injin Cummins tun 1989, fistan shida a jere, da can lita 5.9, daga 2007 ya koma lita 6.7. Ford na da Power Stroke, wanda kamfanin Navistar ke yi mata a da, kafin ta fara ƙera nata mai lita 6.7 a 2011. General Motors kuma na da Duramax mai lita 6.6, wanda ta samar tare da Isuzu ta Japan a 2001. A ɓangaren fetur akwai Hemi mai lita 6.4 na Ram, da mai lita 6.6 na GM, da kuma mai lita 7.3 da Ford ta fito da shi a 2020, wanda masoyansa ke kira Godzilla.

A nan ne muka fara rabuwa. Abokinmu ɗan Potiskum ya ce ai a duba ƙarfin doki kawai, a ga wanda ya fi. Sai muka duba, abin mamaki, tazarar ba ta da yawa: Godzilla na ba da doki 430, babban Power Stroke na 2023 kuma doki 500. Inda sama da ƙasa suka rabu shi ne ƙarfin murɗawa, wato ƙarfin da inji ke juya sandar da ke kai wa tayoyi. Na fetur ɗin bai wuce Nm 660 ba, na dizal ɗin ya haura Nm 1,600. Don ku ga girman abin, Hilux mai dizal lita 2.8 tana tsayawa ne a Nm 500.

Malaminmu na darasin injuna ya taɓa rubuta mana a allo cewa ƙarfin inji shi ne ƙarfin murɗawa sau yawan juyawa a minti. Sai a wannan daren ne lissafin ya zauna mana. Injin fetur yana kai wa ga ƙarfinsa ne idan ya yi ihu, ya juya sau dubu biyar a minti. Na dizal kuwa tun yana gurnani a ƙasa da dubu biyu ya riga ya zuba duk ƙarfin murɗawarsa. Dalili shi ne yadda yake ƙona mai: ba shi da fulogi, iska yake matsewa kusan ninki 16 har ta yi zafin da man zai kama da kansa da an fesa shi, sannan ga tobo da ke ƙara cusa masa iska. Mai jan tan goma a kan hawa dizal yake so, domin ba sai ya yi ta sauke giya ba, kuma man da zai sha bai kai na fetur ba. Akwai kuma birkin salansa, wanda ke toshe hanyar hayaki inji ya riƙe motar da kansa a gangara. Duk wanda ya taɓa saukowa Hawan Kibo a bayan tirela yana jin ƙaurin birkinta ya san darajar wannan.

Sai dai dizal ba kyauta ba ne. A Amurka zaɓensa kaɗai na ƙara kusan dala 10,000 a kan farashin sabuwar mota. Cummins na shan baƙin mai kusan lita 11 a juye ɗaya. Kuma injin kansa ya kusa rabin tan a nauyi, nauyin da ake cirewa daga abin da motar za ta ɗauka a bayanta. Shi ya sa 'yan kwangila da dama a can, waɗanda lodi suke yi ba ja ba, suke zaɓen fetur da idonsu a buɗe.

Batun giya shi ya fi tayar mana da jijiyar wuya, domin dukkanmu mun taso ne da aƙidar cewa motar aiki sai giyar hannu, otomatik ta masu zuwa ofis ce. To a waɗannan manyan motoci labarin ya juya. GM ta fara daina giyar hannu, Ford ta bi a 2011, Ram ce ta jure har 2018 ita ma ta haƙura. Ba lalacin direbobi kaɗai ya jawo haka ba. Injunan ne suka yi wa kuloci ƙarfi. A 2018, Cummins mai giyar hannu an rage masa ƙarfin murɗawa zuwa kusan Nm 900 don kada ya cinye kuloci, alhali wanda aka haɗa da otomatik ta kamfanin Aisin yana ba da sama da Nm 1,250. Inji ɗaya, amma giyabos ke yanke hukuncin iyakarsa. Da muka leƙa Hilux sai muka tarar da abu iri ɗaya: mai lita 2.8 tana ba da Nm 500 a otomatik, Nm 420 a giyar hannu. Ɗan Potiskum ya yi shiru na ɗan lokaci.

Sirrin otomatik wani tulu ne cike da mai da ke tsakanin inji da giya. Lokacin tashi, man ne ke ɗaukar jijjigar, har ya ninka ƙarfin murɗawa, babu farantin da ke gogewa yana ƙonewa. Idan mota ta miƙe, sai tulun ya kulle kansa. Yawan giya ma ya ƙaru: Allison ta farko da aka haɗa da Duramax biyar gare ta, yau Ford da GM goma-goma suke sawa, Ram kuma ta koma takwas a 2025. Amfanin yawansu shi ne inji ya zauna a ɗan tsakanin da ya fi ƙarfi da tattalin mai. Maƙiyin otomatik zafi ne, kuma zafi ba baƙonmu ba ne a watan Afrilu. Idan ta lalace kuma, kulocin giyar hannu bakanike zai sauke ya canza a yini ɗaya a ƙarƙashin darbejiya, ita kuwa mai giya goma sai da kwamfuta da kayan da za a jira daga ƙetare.

Abin da ya fi damunmu game da motar kawu ma ba inji ba ne, salansarta ce. Tun 2007 dokar Amurka ta sa dole a sanya wa waɗannan motoci rariyar da ke tare baƙin hayaki, wadda lokaci-lokaci sai mota ta yi doguwar tafiya ta ƙone abin da ta tara. Daga baya aka ƙara tankin ruwan yuriya da ake fesawa cikin hayaki, wanda a Turai ake sayarwa da sunan AdBlue. Ram ta fara sa shi a akori-kurarta a 2013, don haka ta kawu tana da shi. Idan ruwan ya ƙare, kwamfutar mota za ta yi ta gargaɗi, daga bisani ta rage mata gudu har ta koma tafiyar kura. A wane gidan mai tsakanin Kano da Maigatari za a samu wannan ruwa? Duk waɗannan na'urori an gina su ne kan dizal mai sinadarin salfa da bai wuce kashi 15 cikin miliyan ba. A Najeriya an daɗe doka na yarda da har 3,000. ECOWAS ta amince da 50 a 2020, kuma abubuwa na gyaruwa, amma kowa ya san gas ɗin jarka na bakin titi, mai haɗin kananzir da ruwa, bai san wata ECOWAS ba. Famfon mai da nozul na waɗannan injuna kuwa ko ɗigon ruwa ba sa yafewa. Mun san wasu za su ce a yanke rariyar, a rufe bakin kwamfutar. Ana yi, amma a Amurka laifi ne, a nan kuma caca ce da hannun wanda ya yi aikin, ban da hayaƙin da za a riƙa watsa wa mutane a kasuwa.

Yanzu mu koma kan kalmar "ja". Kawu ba tirela yake ja ba, buhuna yake lodawa. Ram 2500 mai dizal an ƙayyade mata nauyin fam 10,000 gaba ɗaya, kimanin kilo 4,500, ita kanta kuma ta cinye wajen 3,500. Abin da ya rage bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba, buhun masara goma ko sha ɗaya ke nan. Hilux ma kusan abin da aka rubuta mata ke nan. Wato zai biya kuɗin ƙarfin da ba zai taɓa amfani da shi ba. Mun san a hanyoyinmu babu mai kallon abin da aka rubuta, mun ga Peugeot 504 ta Kaduna ɗauke da lodin da ya ninka nata, amma ba za mu ba dattijo shawara a kan ganganci ba.

Ɗayanmu, ɗan Gembu, bai yarda da mu duka ba, kuma yana da hujja. Ya ce tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, dalilin da ya sa Hilux mai fetur lita 2.7 ta mamaye ƙasar nan ya raunana, don haka kada mu kushe dizal baki ɗaya. Ya kawo misalin Land Cruiser 79 mai injin 1HZ, dizal lita 4.2 marar tobo, da ƙyar yake ba da doki 130, amma tun 1990 ake yin sa, kuma bakanike mai sifana da kunne zai gyara shi a ko'ina daga Agadas zuwa tsaunin Mambila. A kan wannan mun ba shi gaskiya. Gardamarmu da wannan dizal ɗin ce, ba da dizal ba.

Amsar da muka tura wa kawu ita ce ya bari. Idan lodin hatsi ne, ya nemi Canter ko Dyna, waɗanda aka yi domin ɗauka, ga kayan gyaransu birjik a Ƙofar Ruwa. Idan kuma zuciyarsa ta nace sai ta Amurka, ya nemi mai fetur, ya kai ta a sa mata kwamfuta, ya zaro sandar man giya ya sansana, in ya ji ƙauri ko ya ga man ya yi duhu ya juya abinsa. Ya turo saƙon murya yana dariya, ya ce dillalin ya rage masa wani abu, kuma motar tana da kujerun fata. Ranar Asabar zai sake zuwa kallonta, ya ce mu biyu mu shirya mu raka shi.